Yadda Gaisuwata Ta Tsallake Dutse

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake jin raɗa kamar yadda yake jin kira.

A shekarar da hukuma ta yanke sabis na waya a ƙasarmu, wato Batsari da Safana da sauran garuruwan bakin daji, damina ta yi kyau ƙwarai. Ina tuna haka ne domin gero ya riga ya fitar da kai ranar da muka wayi gari kowa yana ɗaga wayarsa sama yana jujjuyawa kamar mai duban wata. An ce an yi hakan ne don a toshe wa mutanen daji hanyar magana da masu kai musu rahoto. A kwanakin nan aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawa babur, mai ya yi wuya. Muka ce Allah ya sa ya zama alheri, kowa ya mayar da wayarsa fitila.

Ni ba ciniki ne ya dame ni ba. Yayata ce, Allah ya jiƙanta.

Mahaifiyarmu ta rasu ban isa yaye ba. Yaya ce ta ɗauke ni, tana amarya, ta tafi da ni gidan mijinta a wata 'yar unguwar manoma da ke kan hanyar Ruma, a bayan wani babban dutse. A bayanta na yi wayo. Da na isa karatu aka kawo ni gidan kawunmu a Batsari, a nan na sauke, a nan na koyi rubutun ajami da nake cin abinci da shi har yau. Amma tun daga ranar da aka kawo ni, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai na kama hanya na je na gaida ta. Da ƙafa na fara, ina bi ta gindin wata tsamiya da ke bakin rafi in tsinci 'ya'yanta in cika aljihu. Daga baya na samu keke. Da furfura ta zo sai na koma hawa bayan babur.

Yaya ba ta yarda da gaisuwar tsaitsaye. Sai ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ka durƙusa, ka tambayi wuni ka jira ta amsa, ka tambayi gajiya ka jira, ka tambayi gida da yara da awaki da ruwa, kowanne da amsarsa. In ka haɗa biyu a numfashi ɗaya sai ta ce, “Auta, kora ka aka yi?” Sai an gama wannan za ta jawo ƙwaryar fura. Ina da jikoki a lokacin da nake ba ku labari, amma a bakinta ban taɓa wuce Auta ba.

Da hanya ta lalace, muka yi ta roƙonta ta dawo cikin gari, ta ƙi. Ta ce a nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta yake kwance, a nan za a sallace ta. Sai waya ta maye gurbin ƙafa. Duk Juma'a bayan la'asar in kira, ɗanta ya kara mata a kunne. Ba ta so haka ba, amma ta ce tun da muryar tana zuwa, ta karɓa.

To ga shi yanzu ba hanya, ba waya.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ana nan sai ga ɗanta ya iso da ƙafa ta cikin gonaki, magidanci ne mai furfura a gemu, ƙafafunsa duk taɓo. Bayan ya sha ruwa ya ce mini, “Kawu, tsohuwa fa ta rage cin abinci. Duk Juma'a sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma, ta aza wayar nan a cinya har rana ta faɗi. Na ce mata an yanke sabis. Ta ce da can da babu waya, da me kake zuwa?”

Na miƙe zan nemi takalmi, ya riƙe mini hannu. Ya ce shi da yake ɗan wurin ma a ɓoye yake bi, balle dattijo mai farar riga daga gari, ga ciwon gwiwa. Ya ce in na je aka tare ni, tsohuwa ba za ta kwana ba. Na koma na zauna. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada Yaya ta bar duniya tana ganin Autanta ya watsar da ita.

Rumfata tana bakin titi, ina sayar da turare da carbi da 'yan littattafan ajami da nake kwafa da hannuna. Jikin tawa kuma rumfar taubashina ce, ɗan kawun nan da ya riƙe ni, mai gyaran rediyo. Tare muka tashi, tabarma ɗaya, kuma tun muna yara ba mu taɓa yin magana uku ba tare da ya tsokane ni ba. Shekarar nan kasuwarsa ta buɗe, don kowa ya tono tsohuwar rediyonsa daga ƙarƙashin gado. Tun kafin wannan ya taɓa haɗa wa masallacinmu wani ɗan abu a cikin gwangwanin madara. A cikinsa akwai wani ɗan baƙin abu irin na cikin rediyo da ake ce wa aisi, bai fi farcen babban yatsa ba. In liman ya yi karatu a makirfo, abin nan sai ya watsa muryar, matan gidajen kusa su kama a rediyonsu da azumi.

Na leƙa rumfarsa na ce, “Gwangwanin nan naka zai kai bayan dutse?”

Ya ɗago daga kan abin da yake liƙawa, ya dube ni ta saman tabarau. Ɗan mace yake ce mini, tun da ni ɗan gwaggonsa ne. “Ɗan mace, wannan ko mahauta ba ya kaiwa. Raɗa yake yi. Don raɗa aka ƙera shi, don ya daɗe bai cinye batir ba.”

“To a koya masa ɗaga murya mana.”

“Kai da aka yi shekaru ana koya maka, ka iya? In kana jan baƙi sahun baya barci suke yi.”

Na ba shi labarin da ɗan Yaya ya kawo. Sai ya ajiye ƙarfen dalmar. Ita ma ai taubashiyarsa ce, kuma ya sha furarta ba adadi. Ya tambaya ko rediyon marigayi mijinta tana nan. Na ce tana rataye a ɗaki. Ya sosa gemu, sannan ya ce akwai hanya. Ba za a taɓa ɗan aisin ba, a bar shi da raɗarsa. Sai dai a sa masa wani abu tsakaninsa da eriya, wanda zai karɓi raɗar ya ƙara mata ƙarfi kafin ta fita. Amfilifaya ake ce masa, amma ba irin ta lasifikar masallaci ba. Ita waccan kunnen mutum take yi wa aiki, wannan kuwa kunnen rediyo.

“Kamar mai maimaita kabbara a Idi,” in ji shi. “Ba ya ƙara ko harafi a kan abin da liman ya faɗa. Ɗagawa kawai yake yi don na nesa su ji. In liman ya yi tari ma, wannan har tarin zai ɗaga, don haka ka kiyaye.”

Yana da aboki a Safana, malamin makaranta mai son irin waɗannan tarkace, wanda ya taɓa nuna masa allon irin wannan amfilifayar a cikin kwali. Taubashina ya shiga motar haya ya je ya dawo da shi a naɗe cikin tsumma. Ni kuma na je wurin mai unguwa, don ba a yin irin wannan a ɓoye a irin wannan lokaci. Ya ce in ba shi kwana biyu ya sanar da na sama. Da ya dawo ya kafa mana sharaɗi. Juma'a kaɗai, tsakanin la'asar da magariba. Karatu da gaisuwa kaɗai. Ba a ambaton sunan mutum, ba a ambaton sunan gari, ba a maganar hanya ko wanda ya tafi ko wanda ya dawo, domin duk mai rediyo zai ji, har da waɗanda ba mu so su ji.

Kwanakin haɗa abin nan suna cikin kwanakin da nake kewa. Gari ya yi tsit, ba ƙarar waya, ba mai tafiya yana surutu shi kaɗai. Mutane sun koma zama a dakali suna duban fuskar juna. Ni kuwa na rufe rumfata rabi, na koma riƙe wa taubashina abin da ya ce in riƙe. Ya naɗe jar waya a jikin alƙalamina na kara, ya zare, ta fito kamar awarwaro. Ya ce wannan ita za ta tace muryar kada ta fantsama cikin tashoshin mutane a zo a kama mu. A tsakiyar allon akwai tiransista guda, ya ce ita ce mai aikin duka, kuma zafi take yi kamar dutsen guga. Ya je wurin maƙerin tukwane aka zubo masa wani faifan alminiyam mai haƙora, ya ɗaure ta a jiki don ya riƙa shanye zafin. Batirin solar gidana muka ɗauko, don ya ce abin da gwangwanin yake ci a wata, wannan a zama ɗaya zai lashe. Eriyar kuma da bututun labule ya yi ta, ya auna, ya yanke, ya sake aunawa, muka ɗaure ta a kan gora a saman soron gidana, waya ta sauko ta taga har zaure.

Yadda muke gwaji shi ne, ni in zauna a zaure ina karanta ɗaya daga cikin littattafaina, shi kuma ya ɗaure rediyo a ƙahon keke ya yi ta tafiya har inda muryata za ta mutu. Da gwangwanin kaɗai, ya ce tun kafin mahauta na shaƙe. Ranar da muka sa amfilifaya kuwa ya daɗe bai dawo ba, har na gama littafi na sake farowa. Ya shigo yana gumi.

“Ka wuce makarantar firamare, ka wuce gonakin bayan gari. Har tsamiyar bakin rafi kana ta surutu. Nan na tsaya, ban da ƙarfin halin wucewa. Amma ka fara dishewa, kuma ga dutsen can a gaba.”

“A ƙara mata ƙarfi mana.”

“Ku malamai komai a ƙara. Ƙarfi ba ya huda dutse. Tsawo za mu nema, ta leƙa ta samansa.”

Muka haɗa gora biyu, muka ɗaɗɗaure da igiya ta ko'ina, har maƙwabta suna tambaya ko tuta za mu kafa. Muka sa ranar Juma'a mai zuwa za mu yi gwajin ƙarshe.

Ranar Alhamis da yamma hadari ya haɗo daga gabas. A gidajenmu kuwa, tun zamanin da talabijin ta shigo, duk mace ta san aikinta in ta ga hadari: ta kwashe shanya, ta kife turmi, ta zare wayar eriya daga jikin kayan wuta saboda tsawa. Mai ɗakina ta yi abin da ta saba. Ta shiga zaure ta zare wayar daga bayan akwatin da muka sa amfilifayar a ciki, ta naɗe ta da kyau ta rataye a ƙusa. Ba ta faɗa ba, don ba abin faɗa ba ne. Mu kuma ba mu gaya mata komai ba, don ba mu ɗauka akwai abin faɗa ba.

Da aka sauko Juma'a taubashina ya zo da ɗoki, ya haɗa batir, ya murɗa. Na yi bismilla na fara karatu. Ban kai ƙarshen shafi ba sai muka ji ƙauri. Ya yi wuf ya fizge wayar batir, ya leƙa bayan akwatin, ya ga wurin eriya wayam. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Daga baya ya bayyana mini. Ƙarfin da abin yake haifarwa dole ya samu ƙofar fita. In babu eriya, sai ya koma wa mai shi, ya ƙone ta. Tiransistar ta tsage, faifan maƙeri ma bai cece ta ba.

Mai ɗakina tana bayan labule ta ji komai, sai muka ji shesshekarta. Taubashina ya ɗaga murya ya ce, “Amarya, bar kuka. Da ba ki zare ba, da tsawa ta faɗo wa ɗan mace, da wa zai biya ni kuɗin gora? Laifina ne da ban duba ba.” Shekararta talatin da wani abu a gidana, amma Amarya yake ce mata. Ta yi dariya cikin hawaye.

Malamin Safana ba shi da wata tiransistar. Sai da aka ba wani direba tsagaggiyar ya tafi da ita Katsina ya nuna a nemo irinta, kuma tun da ba waya, ba mu da yadda za mu san ko ya samu sai ranar da muka gan shi. Juma'o'i suka yi ta wucewa. Cikin wannan jiran ɗan Yaya ya sake zuwa, da rediyon mahaifinsa a cikin buhu kamar yadda muka aika a gaya masa. Ya ce tsohuwa ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, ta daina sa a shimfiɗa tabarmar Juma'a. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Da tana jira tana faɗa, yanzu ta daina jira.

Taubashina ya buɗe rediyon ya kakkaɓe gidan zanzaro daga ciki, ya gyara, ya sa sabon batir. Ya ce matsalar ita ce yadda za su gane inda za su tsayar da allura, tun da ba wanda ya saba da lambobin. Sai mai ɗakina ta miƙo kwalbar jan farcen jikarta daga bayan labule. Ya ɗiga ja guda a kan gilashin, daidai inda ake kama muryarmu. Ya ce wa ɗan Yaya, “Duk Juma'a bayan la'asar ka kawo allura kan jan nan. In ba ka ji komai ba, ka ɗaura waya a eriyar ka ɗaga ta sama, ka zaga gida da ita. In ba ka ji wannan Juma'ar ba, ka gwada ta gaba. Kada ka gaji.”

Gero yana tsaye a gona ana shirin yanka direban ya kawo tiransistar. Wannan karon taubashina ya ɗaure wayar eriya da zare a jikin akwatin, ya yi wa mai ɗakina bayani da kansa, suka yi yarjejeniya cewa in ta zare saboda hadari za ta kifa ƙwarya a kan akwatin, alama ke nan.

Juma'ar farko na zauna a kujera, makirfo a gabana. Na yi ɗan karatu. Sannan na ce, “Yaya, ina wuni, ina gajiya, ina gida, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi.” Na dubi taubashina alamar na gama.

Ya rufe makirfon da tafin hannu. “Haka kake gaida ta? Kora ka aka yi?”

Na ce ai ba ta nan, wa zai amsa?

“In tana ji fa? Ka bar mata wurin amsawa.”

Na sake ɗaukowa daga farko, amma sai na ji harshena ya ƙi. Ban taɓa gaida Yaya ina bisa kujera da takalmi a ƙafa ba. Na tashi na tuɓe takalman a bakin zaure, na ture kujerar, na sauko da makirfon kan tabarma, na durƙusa duk da gwiwa. Taubashina ya fara dariya, ya toshe baki da hula.

Na ce, “Salamu alaikum, Yaya.” Na yi shiru gwargwadon yadda take ɗauka ta amsa.

“Ina wuni?” Na jira.

“Ina gajiya?” Na jira.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, gida, yara, awaki, ruwa, jiki. A kowane shiru ba abin da nake ji sai kukan kaji a tsakar gida. Da na ɗago, na ga taubashina ya daina dariya, ya juya yana duban bango, wai yana taɓa faifan ya ji ko ya yi zafi.

Da muka kashe na tambaye shi, “Ta ji?”

Ya ce, “Ɗan mace, baki na ƙara maka. Kunne ban da shi.”

Haka muka ci gaba. Ba a jima ba labari ya fara dawo mana, amma daga cikin gari. Wani mahauci ya tsaya a rumfata ya ce, “Malam, ka haɗa ni da aiki. Tsohuwata duk Juma'a sai ta sa a kunna mata, kana cewa ina wuni tana cewa lafiya lau ɗan nan. Jiya har faɗa ta yi mini, wai wani a rediyo ya fi ni ladabi.” Ashe tun da ba a ambaton suna, duk wadda aka taɓa ce wa Yaya ta ɗauka da ita ake. Wata ta aiko mini da ƙuli-ƙuli, wata ta aiko a gaya mini awakinta suna lafiya tun da na tambaya.

Daga bayan dutse kuwa shiru. Ɗan Yaya bai sake zuwa ba, ga aikin girbi, ga hanyar ta ƙara tsanani a tsakanin nan. Akwai Juma'ar da na durƙusa, na ce ya jiki, sai zuciyata ta ce mini wataƙila wadda kake tambaya tana ƙarƙashin ƙasa. Na daɗe a wannan shirun fiye da kima, har taubashina ya taɓa kafaɗata. Na yi istigfari na ci gaba. Na ce a raina, in tana raye haƙƙinta ne, in ta riga mu kuma Allah yana ji.

Sanyi ya fara shigowa aka maido da sabis. Gari ya ɗauki ƙarar waya kamar ranar salla. Na kira lambar ɗanta, a kashe, na sake kira, a kashe. Da muka ji mutane sun fara bin hanyar da rana, ranar Juma'a ana saukowa na hau bayan babur ɗin taubashina. Muka wuce tsamiyar, muka tsallake rafin da ya fara ƙafewa, muka zaga dutsen.

Abin da na fara hangowa shi ne wani dogon kara a ɗaure a kan rumbu, da 'yar waya tana lilo daga samansa. Na bi wayar da ido har ƙasa. Rediyon tana rataye a jikin rumbun. A gindinsa kuwa ga tabarma, ga Yaya a zaune an jingina ta da buhun gero, ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta, amma a zaune take.

Ɗanta ya taro mu yana ba da haƙuri, wai wayarsa ta lalace tun da damina. Ya ce a ɗaki ba a jin komai sai shuu. Sai da ya zaga gidan kaf, ya tarar a gindin rumbun nan kaɗai muryar take faɗowa, ta wata 'yar tsaga da ke kafaɗar dutsen. To nan suke ɗauko ta su kawo duk Juma'a. Ya ce ranar farko da ta ji, cewa ta yi a dama mata kunu.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Na buɗe baki ke nan ta ɗaga hannu.

“Tsaya, Auta. Kai ka yi naka. Ni ake bi.”

Na ce, “Yaya, wane irin bi kuma?”

“Ka gaida ni, na amsa wa iska. Ka ji?”

“Ban ji ba.”

“To amsar da mai ita bai ji ba, ba a ba shi ba. Zauna.”

Na zauna. Ta gyara mayafinta, ta ɗauko daga Juma'ar farko. “Wa alaikumus salamu. Lafiya lau. Ba gajiya. Gida lafiya. Yara suna gona. Awaki ɗaya ta haihu, biyu ta haifa. Ruwa ya yi gyara. Jiki da sauƙi.” Ta numfasa. “Wannan ta ranar da ka fara da gaggawa ce, aka maido ka. Na ji lokacin da aka toshe maka baki.”

Taubashina ya ce, “Ni ne nan, tsohuwa. Ni na koya masa ladabi.”

“Kai rufe mana baki, ɗan namiji. Kai da ko sallama ba ka yi mini ta cikin abin naka ba.”

Ta ci gaba. Ta amsa ta ranar da nake tari, ta ce in riƙa shan citta. Ta amsa ta ranar da ruwan ƙarshe ya sauka muryar tana yankewa, ta ce rabin ta ji amma duka za ta biya. Ta zo kan ranar da na yi dogon shiru bayan na ce ya jiki. Ta dube ni, ta ce, “Ran nan na ce maka ina nan, Auta. Sau nawa ina faɗa, ina nan. Ka ji yanzu?”

Na ce, “Na ji, Yaya.”

Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tana yi tana hutawa, ɗanta yana ba ta ruwa, inuwar rumbu tana tsawo har ta rufe mu. Da ta kai ta ƙarshe ta shafa fuska da hannu biyu.

“Da saura?”

“Babu saura.”

“Ba ka bi na?”

“Ba na bin ki, Yaya.”

“Alhamdu lillahi. To gaida ni ta yau, kuma kada ka yi sauri.”

Na koma na durƙusa, na ce salamu alaikum, ta amsa, na ji da kunnena.